Daren da Babu Sha Biyu

Tara na dare. Balparaiso ta kunna fitilunta
tun daga bakin teku har ƙoƙon duwatsu.
Ina ɗakin sama, shayina ya huce,
ina yi wa wani ɗan rumbun manhaja tambayoyi
kamar alƙalin da bai yarda da kowa ba.

Baltasar Quilodrán ne ya gina shi
don lissafin zaman jiragen ruwa a tasha:
yaushe aka ɗaure, yaushe aka kwance, nawa za a biya.
Ya ajiye aiki, ya koma kudu kiwon zuma,
ya bar mini layi dubu huɗu
babu gwaji ko ɗaya.
"Yana aiki," in ji shi. Wasiyyar ke nan.

Sai an gwada akan san na ƙwarai.
Na ware aiki guda, ƙarami, ƙwayar wake daga buhu,
na tambaye shi abin da na riga na sani.
Biyu ga wata, a ƙara kwana uku?
Biyar. Allo ya yi kore.
Ƙarshen Disamba, a ƙara kwana ɗaya?
Ya haye shekara ko tuntuɓe bai yi ba.
Na ba shi Fabrairu mai ƙarin kwana,
na ba shi sifiri, na ba shi wofi,
na rubuta masa kwanan wata a baibai
don in ji ko zai yi ihu inda ya dace.
Ya yi.
Kore, kore, kore, har na fara jin kunyar zarginsa.

Sai na tuna Rayén ta ofishin kuɗi,
yadda ta kaɗa mini takarda a fuska:
"Wani jirgin gishiri an ci shi awa guda a Satumba,
kyaftin ɗin ya kusa cinye ni ɗanya."

Gwaji na ɗari da goma sha biyu:
ranar Lahadin da muke tura agogo gaba,
gaya mini farkon wannan rana.
Ya ce sha biyun dare.

Ja.

Ai a daren nan ƙasarmu ba ta da sha biyu.
Agogo na isa bakin ƙofar ya yi tsalle,
ya dira a ƙarfe ɗaya.
Rumbun nan yana karɓar kuɗin haya
a kan ɗakin da ba a taɓa ginawa ba.

Na yi murna, ban ɓoye ba.
Jan nan ya fi mini koren ɗari daɗi.
A ƙasa wani kare ya yi haushi, wani ya amsa daga tsallaken kwari.

Layi uku na gyara. Na sake sakin gwaje-gwajen duka,
suna gangarowa kamar masu saukowa matakalar unguwarmu da safe.
Wancan ya yi kore.
Wasu biyu, can baya, suka yi ja.
Ɗaya laifina ne, ni na rubuta amsar da ba daidai ba;
mai auna hatsi ma a duba mudunsa.
Ɗayan Afrilu ne,
daren da sha ɗaya ke zuwa sau biyu
kamar baƙon da ya manta hularsa.

Ƙarfe biyu saura na gama.
Ɗari da goma sha tara, babu ja.
Ban ce babu kuskure ba;
na ce inda na haska tocila, ban ga maciji ba.

Na aika wa Baltasar saƙo, ina ɗan taƙama.
Da hantsi ya amsa, da hoton amyarsa a cikin raɓa:
"Na san da ita.
Kowace Satumba nakan tashi da asuba in gyara da hannu.
Bara ne kawai ba na nan."

Na daɗe ina kallon teku.
Shekara tara, ashe gwajin mutum ne
mai agogon ƙararrawa a gefen gado.

Na koma na buɗe na ɗari da goma sha biyu,
na sauya masa suna.
Yanzu duk wanda ya saki gwaje-gwajen
zai ga ya wuce a cikin jerin, kore, cikin ƙiftawar ido:
baltasar_yi_barcinka.